Bent ne ko bended? Mai lanƙwasa rodi yana neman a raba masa gardama

Ɗan Ƙofar Ruwa ya rubuta:

Assalamu alaikum. Malaman Turanci da ke nan, don Allah ku fitar da ni kunyar 'yata.

Ni sana'ata lanƙwasa rodi. Shekarata goma sha tara a kai, tun ina yaron shago a Ƙofar Ruwa ina jan wa maigidana ƙarfe daga bayan mota, har yau da nake da yara huɗu a ƙarƙashina. A wurin gini babu mai kirana da sunan yanka. Daga injiniya har mai turo ruwa a kura, "ayon benda" suke ce mini. To mutumin da ya kusa shekara ashirin ana kiransa da kalma, ai gani yake ya san kalmar kamar yunwar cikinsa.

Ranar Talata bayan isha'i na dawo daga wani aiki a Ɗorayi, hannuna duk tsatsa, na tarar da 'yata ta biyu a tsakar gida tana aikin makaranta da fitilar waya. Aji ɗaya take a ƙaramar sakandare. An jero musu kalmomi goma, an ce su rubuta yadda ake faɗinsu idan aikin ya riga ya wuce. Ta yi end ta sa ended, ta yi mend ta sa mended, ta zo kan bend ta tsaya tana cizon murfin biro. Na ce, "Miƙo nan, wannan ai gonata aka shigo." Na karɓa na duba, na ce ta rubuta bended. Har mahaifiyarta ta sa baki daga madafi, wai ta ji maganar babanta, shi da yake yin abin kullum.

Washegari yarinya ta dawo, gaisuwar ma ciki-ciki ta yi mini. Malamar ta zabga wa kalmar jan biro ta rubuta bent a sama. Wannan bai dame ni ba, kuskure na kowa ne. Abin da ya ƙona mini rai shi ne ta tambaye ta a gaban 'yan aji wa ya koya mata, ita kuma da ƙarfinta ta ce, "Babana ne, kuma ayon benda ne." Aji ya kwashe da dariya. Tun ranar, idan na ce ta kawo littafi in gani sai ta ce ai ta gama tun a makaranta.

Na haƙura, na ce na karɓi laifi. Sai ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, ɗan ƙanwata yana nuna mini a wayarsa hoton wani ɗan ƙwallo a Ingila, ya sa gwiwa ɗaya a ƙasa yana miƙa wa budurwarsa zobe, irin dai al'adarsu. A ƙasan hoton jaridar ta rubuta on bended knee. Na ce ya ƙara mini girman rubutun. Bended, ɓaro-ɓaro, kuma masu harshen ne suka rubuta, ba ɗan Ƙofar Ruwa ba. To wa ke da gaskiya, ni ko malama? In ni ne, wallahi Litinin da sassafe ina ƙofar ajin nan.

Tunda na riga na buɗe baki, bari in juye sauran. Wayar da muke ɗaure rodi da ita, ni dai tun tasowata bending wire nake rubutawa a takardar lissafin kayan aiki, don a tunanina waya ce ta masu bending. Kwanaki akawun wani ɗan kwangila ya gyara mini da fensir ya mayar da ita binding. Kalma ɗaya ce ake rubutawa iri biyu, ko kuwa kowacce da gidanta?

Sai abin da ya daɗe yana ba ni mamaki. Idan zan yi zoben fila, ga katako mai kauri a kan benci, na kafa masa guntayen rodi kamar turaku, na auna da tef na ɗiga alli, na zura rodi mai mili goma a tsakani, na sa ƙarfen lanƙwasa na janyo shi jikina. Ja biyar, zobe ya fito. Injiniya ya ce bend. Shi dai wannan injiniyan, in tef ɗinsa ya faɗi, sai ya ce wa lebura bend down ya ɗauko masa. Ka hau babbar hanya kuma allo ya ce maka sharp bend. Mu a Hausa ai ba ka ce wa mutum ya lanƙwashe ya ɗauko abu sai in faɗa kake nema. Sunkuyawa yake yi ko ya duƙa, hanya kuma kwana gare ta. Su Turawan talaucin kalmomi ne ya same su, ko akwai abin da ya haɗa waɗannan duka? Daga ina kalmar ta fito?

Tsohon Malami, Gwale, ya rubuta:

Wa alaikumus salam. Malam Mai Rodi, ajiye takalminka, kada ka je ƙofar ajin nan ranar Litinin. A kan aikin da aka ba yarinya, malama ce da gaskiya. Bend, bent, bent, haka yake a Turancin yau, a Landan da Legas da takardar WAEC. Hanyar da ta bi wajen gyaran ce ba ta yi ba. Shekara talatin da biyar na yi ina riƙe da alli, ban taɓa ganin amfanin tambayar yaro wa ya koya masa kuskure ba. Ko uba ne ko wa, kunya kawai za ka jawo wa gida.

Kuma kuskurenka na mai hankali ne. Ka ga end da mend sun ɗauki -ed, ka bi sahu. Matsalar ita ce kalmomin da suka ƙare da -end sun rabu gida biyu. Su mend, tend, defend, attend, duk -ed suke ɗauka, kuma waɗannan baƙi ne, daga Faransanci suka shigo. Ɗaya gidan na tsofaffin 'yan ƙasa ne da baki ya daɗe yana gogawa har d ɗin ƙarshe ta koma t: send sent, lend lent, spend spent, bend bent. Kafin ka ce ka samu doka, ga end nan, tsohon ɗan ƙasa ne shi ma amma ya bi baƙi. Saboda haka haddacewa ake yi, kamar yadda yaronmu ke haddace cewa jam'in sa shanu ne, ba tare da ya nemi dalili ba.

To bended ɗin da ka gani fa? Ba kuskuren jarida ba ne. A da can ana faɗin bended, ana faɗin bent, daga baya bent ya cinye kasuwa. Bended ya samu rami ɗaya ya ɓuya, wato cikin wannan magana ta on bended knee, wadda ake yi wajen neman aure ko roƙon sarki ko addu'a. Kamar anini ne a bakinmu. Har gobe za ka ji mutum ya ce ko anini ba shi da shi, ba kuma wanda zai ce ya yi kuskure. Amma je ka Kantin Kwari da anini a hannu ka ce a yanko maka yadi. In 'yarka ta rubuta my father bended the rod, ta kai anini Kwari.

Yanzu asali, wanda shi ne ya sa na gyara zama, don tambayarka ta waya ta taɓo shi ba ka sani ba. A tsohon Turanci, wanda ake yi a Ingila kafin Normawa, mutanen arewacin Faransa, su ci ƙasar a 1066, kalmar bendan ce, kuma tushen ma'anarta ɗauri ne. A sa wa mutum mari, a ɗaure abu da igiya, musamman kuma a ɗaura wa baka tsarkiya. Ka taɓa ganin maharbi zai ɗaura tsarkiya? Ni na gani wurin wani kawuna a ƙauye ina yaro. Zai kafa kan bakan ɗaya a ƙasa, ya danna tsakiya da gwiwa, ya janyo ɗaya kan har icen ya rusuna, sannan ya zarga masa tsarkiyar a wuya. Shi a ransa ɗauri yake yi. Kai da ke tsaye a gefe, abin da idonka ya gani shi ne miƙaƙƙen ice ya tanƙwaru. Haka Turawan suka yi ta cewa bend a bow suna nufin ɗaura masa tsarkiya, kuma mutanen Ingila daga baya sun zama 'yan baka na gaske, da dogon baka suka yi ta gwabzawa da Faransa. A hankali ma'anar ta zame daga kan igiyar ta koma kan icen. Zuwa farkon ƙarni na 14 ana cewa bend ga abin da aka raba da miƙewa, ko da tsarkiya ko babu. Daga nan ta bazu: ƙarfe, gwiwa, bayan mutum, kogi, hanya. Ka ga abin da ya haɗa rodinka da leburan injiniya da allon hanya ke nan.

Ashe bend da bind ciki ɗaya suka fito. Akawun nan ya yi daidai, binding wire ake rubutawa, wayar ɗauri, amma kai ma ba ka yi nisa da gida ba, ɗakin ƙane ka shiga maimakon na yayansa. Danginsu da yawa: band, bond, bundle, da bandage wanda muka ara muka ce bandeji. Jijiyar ta kai har Indiya, don harsunansu da na Turai kaka ɗaya suka haɗa. Ƙyallen nan mai zane da samari ke ɗaurawa a ka, bandana, sunansa daga kalmar Indiyanci ne ta rinin da ake ƙulle yadi da zare kafin a tsoma shi, irin dai wanda ake yi a karofin Ƙofar Mata. Matuƙa jirgin ruwa kuma su ne suka riƙe tsohuwar ma'anar har yau. A wurinsu ƙullin da ke haɗa igiya biyu bend ne sunansa, kuma in sun ce a yi bend ɗin filafilan jirgi, nufinsu a ɗaura shi a jikin sandarsa, ba a lanƙwasa shi ba.

Wani abin kuma, tun asali Turanci yana da kalmarsa ta tanƙwara, wadda ta zama bow. Da bend ya shigo mata gona sai ta takure, yau kusan rusunawa don girmamawa kaɗai ta rage mata, ana faɗinta "bau". Bakan maharbi ma haka ake rubuta shi, b-o-w, daga tushe ɗaya, amma shi "bo" ake cewa. Shi ne a cikin elbow, inda hannu ke tanƙwaruwa, shi ne kuma a cikin rainbow. Su sun ce bakan ruwan sama, mu mun ce bakan gizo. Na sha tsayawa a aji ina nuna wa yara wannan, mutane biyu da ba su taɓa haɗuwa ba sun ɗaga kai bayan an ɗauke ruwa, kowa ya ga baka.

'Yar Ƙofar Wambai ta rubuta:

Baba Malam, Allah ya ƙara basira. Ni dai anini da Kwari ne suka sa na yi dariya har maƙwabciyar rumfata ta leƙo.

Yaya Mai Rodi, ba kai kaɗai ke ci da wannan kalma ba, mu ma da ita muke ci. Gwanjo nake sayarwa. Ranar da aka yanka sabuwar dila, kafin in gama baje kaya a kan leda 'yan matan jami'a sun cika wurin, kowa ta duƙa tana tona tana ɗagawa a rana. Su ne na fara jin suna ce wa wurinmu bend down boutique, wasu su ce bend down select. Da farko na ɗauka zagi ne, har na haɗe rai da wata. Ta ce a'a Anti, ai kanti ne na gaske, bambancinsa kawai sai ka duƙa kafin ka zaɓa. Mutanen kudu kuma okrika suke cewa, sunan wani gari ne a jihar Ribas. Ban sani ba ko Bature a Landan zai gane bend down boutique, amma nan ƙasar kowa ya san inda aka dosa.

Abin da nake so in sani shi ne, idan zan ce wa yarinya tsuguna ki gaida kakarki, ko amarya ta durƙusa gaban surukai, shi ma bend ne? Don in haka ne, gaskiyar Yaya ne, talauci ya kama su.

Ita kuwa malamar, da ni ce uwar yarinya da na je, ba don gardamar nahawu ba. Mutumin da ke tsaye cikin rana yana jan ƙarfe don ya biya kuɗin makaranta bai cancanci a mai da shi abin dariya a bakin 'yarsa ba.

Mai Fassara, Fagge, ya rubuta:

Hajiya, kada mu yi saurin raba musu zakka, ba talakawa ba ne. Aikina fassara, sanarwar asibiti da labarai da makamantansu, kuma kalmomin jiki su ne suka fi ba ni wahala a kowane ɓangare.

Tsuguno a wurinsu squat ne ko crouch. Durƙuso kneel, daga knee, wato gwiwa, shi ma knelt yake komawa kamar bent. Rusunawa bow, kuma da ita ake fassara ruku'u. Dogo in zai shiga gajeriyar ƙofar zaure sai ya yi stoop, haka tsohon da ya ranƙwafa. Ƙofar katako da damina ta karkatar ta ƙi rufuwa, warp ta yi. Likita kuma in yana rubutu ba zai ce bend ba, flex zai ce, daga Latin, inda flexible ta fito. Abin da ya faru shi ne bend ya zama kamar babbar riga, kowa yana iya shiga ciki, sai a maƙala masa 'yar ƙaramar kalma a gaba ta nuna inda aka nufa, down ko over ko back. Mu namu kowane motsi da rigarsa da aka ɗinka masa. Shi ya sa wanda ya koyi Turanci a wurin aiki yake jin bend kaɗai, don ita ce ta fi saurin zuwa baki. Maganar hanya kuma, Yaya Mai Rodi, kwanar da kake taƙama da ita ta Hausa ce, aro ce. Corner ce muka gyara mata zama. Kwanar Dangora rabin sunanta Turanci ne.

Inda kalmar ke kayar da mutane shi ne inda ta bar jiki ta koma magana. Akwai ranar da wani abokin aikina ya samu jawabin wani babba da ya ce we bent over backwards, yana nufin sun yi bakin ƙoƙarinsu har sun wuce iyaka don su gamsar da ɗaya ɓangaren. Mutumina ya rubuta wai sun gantsare. Allah ya sa na leƙa takardar kafin a karanta. Bend the rules shi ne a sassauta doka a ɗan kauce mata ba a karya ba. Bend the truth a lauya gaskiya, kuma ina roƙon lauyoyin da ke nan su yi haƙuri, ba ni na sa kalmarmu ta lanƙwasa ta yi kama da sunan sana'arsu ba, nasu daga lawyer ne. In an ce mutum bent on yin abu, ya ɗaura aniya ke nan ba mai juya shi. In Baturen Ingila ya ce wani ya tafi round the bend, notin kansa ya kwance.

Wanda ya fi haɗari shi ne bent shi kaɗai a kan mutum. A Ingila in ka ce ma'aikaci bent ne, ka ce maciyin hanci ne, karkatacce. Saboda haka in kakanka ya ranƙwafa kana so ka faɗa da Turanci, ka cika maganar, bent with age. Kada ka tsaya a he is bent ka ɓata wa dattijo suna.

Baba Malam, wuri ɗaya zan ɗan ja da kai cikin ladabi. Ka ce yara su haddace kawai. Ni a ganina in aka jera musu su da waƙa, send sent, lend lent, spend spent, bend bent, kunne ne zai riƙe, ba sai an yi musu bulala ba. 'Yar Yaya da ta taɓa jin su a jere da ba ta ma miƙa masa littafin ba.

Injiniya daga Sharaɗa ya rubuta:

Maigida ayon benda, ban san ko mun taɓa haɗuwa a wani aiki ba, amma in ni ne mai cewa bend down ɗin nan, a yafe mini.

Bayanin baka da tsarkiya ya tsaya mini a rai, don shi ne aikinmu ba tare da mun lura ba. Kankare yana da ƙarfi in danna shi aka yi, amma in ja ne, abin da zai iya ɗauka bai fi kusan kashi ɗaya cikin goma na wancan ba. Ɗora bim, wato dogon kankaren nan da ake kwantarwa, a kan fila biyu ka aza masa kaya, tsakiyarsa za ta so ta lotsa. Samansa na matsuwa, ƙasansa na miƙewa kamar ana jan roba. Rodin da kake shimfiɗawa a ƙasan nan shi ne tsarkiyar, shi ke hana bakin ya buɗe. Har gada akwai irin wadda sunanta ke nan, bowstring, baka a sama, tsarkiyar ƙarfe a ƙasa. A barandar da ta leƙo waje ba fila a ƙarƙashinta kuwa abin juyewa yake, sama ne ke miƙewa, don haka rodin a sama zai zauna. Na sha zuwa in tarar leburori sun tattake shi ya koma ƙasa kafin a zuba kankare, kuma irin wannan barandar ce ke rikitowa.

Ga wata kalma da ba a ambata ba, buckle. Rodi mai tsawo a tsaye in aka danna shi daga sama, ba ya lanƙwashewa sannu a hankali, bankarewa yake yi gefe farat ɗaya. Zoben da ka ce kana ja sau biyar, aikinsa ke nan, ya rungume rodin fila ya hana shi bankarewa. Shi ya sa muke naci a mayar da bakin zoben ciki sosai, digiri 135, ba a tsaya a 90 ba. Na san ya fi cin lokaci da damtse, na kuma san abin da ake cewa a bayana in na juya.

Akwai kuma ciwo mai wannan suna, the bends, kuma 'yan gini ne suka sha shi kafin ya zama sananne a wurin masu nutso. Lokacin da ake gina gadar Brooklyn a New York, an nutsar da manyan akwatuna marasa gindi zuwa ƙasan kogi, ana hura musu iska mai ƙarfi don ta tare ruwa, ma'aikata suna haƙa a ciki. In mutum ya fito da sauri, iskar naitrojin da ta narke a jininsa sai ta taso ta yi kumfa, kamar ka buɗe kwalbar lemo da aka girgiza. Gaɓoɓi su ɗauki ciwo, mutum ya kasa miƙewa, ya riƙa tafiya a duƙe. Babban injiniyan aikin kansa, Washington Roebling, ciwon ya kwantar da shi a 1872. Matarsa Emily ce ta riƙa kai umarninsa wurin aiki tana dawowa da bayani har aka buɗe gadar a 1883.

Ɗan Ƙofar Ruwa ya rubuta:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri, ya bar zumunci. Baba Malam, na ajiye takalmin. Hajiya, uwar yarinyar ta ji abin da kika ce, ta ce ita za ta je da kanta, a hankali, ba hayaniya.

Jiya da la'asar na karyo reshen darbejiya ɗanye a ƙofar gida, na yanko guntuwar wayar ɗauri daga jakar aiki, na kira yarinyar. Ta fito tana tura baki. Na kafa kan icen a ƙasa na danna da gwiwa yadda Baba ya kwatanta, na zarga wayar. Na ce me na yi? Ta ce ka lanƙwasa. Na ce a'a, ɗaurewa na yi. Muka yi ta musu har ƙannenta suka taru, sannan na ba ta labarin tun daga maharbi har anini. Ta karɓi allina ta rubuta bind da bend a jikin katanga, ɗaya a kan ɗaya, ta ce gobe sai ta tambayi malamar ko ta san 'yan uwa ne. Na ce ta yi a hankali dai. Bakan kuma yanzu yana hannun autanmu, har ya harbi kazar maƙwabta da karan dawa.

Sai dai fa ta rama. Muna gamawa ta ce, "To Baba, tunda kai ɗan gini ne, build fa?" Ni kuma baki ya riga kai, na ce builded. Ta faɗi ƙasa tana dariya, wai built ne. Baba Malam, don Allah babu wani ramin da builded ya ɓuya a ciki, in samu abin kare kaina?

Tsohon Malami, Gwale, ya rubuta:

Akwai. A tsohuwar fassarar Baibul ta Turanci da aka fitar a 1611, zamanin Sarki James, builded yana nan a wurare da dama. Ka ga ba Turanci ne ba ka iya ba, makara ka yi da shekara ɗari huɗu. Amma kada ka gaya mata, bar ta da wannan. Built za ta rubuta. Ka kuma biya maƙwabta kuɗin kaza in ta yi ɗingishi.